Ɗan Gyaran Minti Goma

Ranar da likita ya ɗaure wa Auta wuyan hannun dama, ya ce mata sati shida kada ta taɓa kwamfuta, ko mayafinta ba ta cire ba ta tarar da Yaya zaune a ɗakinta. Ya riga ya kunna mata kwamfutar, har ya ja mata kujera.

"Sannu da dawowa, Injiniya. Ɗan gyara ne, minti goma ma bai kai ba."

Ta ɗaga masa hannun ya ga baƙin ɗaurin da ya kama daga tafi zuwa rabin damtse. Ta maimaita masa abin da likita ya faɗa. Jijiyar da ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu ce ta matse, shi ya sa yatsunta uku ke yi kamar kiyashi na yawo a ciki. In ta huta, jijiyar za ta saki. In ba ta huta ba, babban yatsa zai rasa ƙarfi, sai an yi tiyata, kuma ko an yi ba lallai ya dawo yadda yake ba.

Yaya ya saurara yana gyaɗa kai, irin sauraron mai jiran talla ta wuce a fara labarai.

"Allah ya sawwaƙe. Su likitoci ai haka suke, in ka kai musu ciwon kai sai su ce ka daina tunani. Duba nan kawai, wurin biyan kuɗi ne ba ya dannuwa."

Auta ce ƙarama a gidan, kuma ita ce mai gina shafukan intanet. Yaya, babban wanta, shi ke da ofis a shagon da ke gaban gida, da allo a ƙofa, da kati mai ɗauke da lambarsa, da zaƙin bakin da ba a tashi daga gabansa ba a yi ciniki ba. Shi ke nemo masu aiki, ita ke ginawa a ɗakin baya, ana raba abin da aka samu. Shekara huɗu haka suke ba wanda ya ji kansu. Sai bara wasu kamfanoni na ƙetare suka fara tallar shafi a kan kwatan abin da Auta ke karɓa. Masu shaguna suka riƙa shigowa ofis da waya a hannu, suna nuna wa Yaya farashin kamar sun kama shi da kayan sata. Yaya bai yi dogon tunani ba. Ya karya farashi, ya koma karɓar aiki yana miƙa wa ɗaya daga cikin kamfanonin nan, yana riƙe abin da ya rage a tsakani. Su kuma cikin kwana huɗu sun turo shafi, a ido gwanin kyau, ciki kuwa duk ɓaraka. Daga nan sai a kawo wa Auta. Ba a kiran wannan da sunan aiki, domin aiki ana biyansa. Sunansa ɗan gyara.

Minti goman ranar sai da suka kai ta yamma. Ta fara da hannun hagu, ta ga abin ba ya tafiya, ta kwance ɗaurin ta ajiye a gefe da niyyar mayarwa nan da nan. Da ta tuna da shi rana ta riga ta faɗi.

Tana zaune a tsakar gida, hannun cikin roba da ruwan ɗumi, Mama ta zo ta tsaya a kanta.

"Ni fa har yanzu wannan ciwo naki bai shiga kaina ba. Kina zaune kan kujera mai laushi, fanka na kaɗa ki, kina ɗan taɓe-taɓe da yatsu. Mu da muka yi shekara talatin muna wanke kayan mutum goma, hannunmu bai taɓa kai ƙara asibiti ba."

"Mama, likita ne ya faɗa, ba ni na ƙirƙira ba."

"Na ji. Amma ki duba ɗan'uwanki. Shi ke shiga rana, shi ke shan baƙar maganar mutane. Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa miki."

Abin haushin shi ne Mama ba muguwa ba ce. Ita ta ɗauko man zafi ta zauna ta mulke hannun a hankali, tana yi mata addu'a. Kuma washegari da safe, da wannan hannun nata da ya yi mulkar ta ƙwanƙwasa ƙofar Auta ta ce Yaya na kira.

A sati na farko an kawo mata shafin mai gidan abinci, wanda hotunansa ke hawa kan juna a waya. An kawo na wata makarantar kuɗi, wanda iyaye ke cika takarda su tura ba ta zuwa ko'ina. Kowanne sai ta fara kwana guda tana bin sawun abin da wasu suka yi cikin gaggawa kafin ta gano inda matsalar take. Duk wanda ya taɓa warware ɗinkin wani ya san ya fi sabon ɗinki cin rai, amma a gidan ba wanda ke son jin wannan lissafin.

A sati na biyu ta shiga ofis ta rufe ƙofa.

"Yaya, in har ni zan gyara, me ya sa ba za ka ba ni aikin tun farko ba? Idan na warke in gina shi sau ɗaya, da kyau, a wuce wurin."

"A nawa?"

"A farashina."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juyo mata da fuskar wayarsa. Saƙo ne daga wani mai sayar da tayoyi, yana cewa ya samu inda za a yi masa a rabin abin da Yaya ya faɗa, har da kyautar shekara guda.

"Kin gani? Wannan rabin farashin da na riga na karya ne. Ke kina ɗaki, ba ki san abin da ake ciki a waje ba. Mutanen nan suna da yara ɗari a ɗaki ɗaya, wasu na barci wasu na aiki. Mai taya ina ruwansa da abin da ke cikin shafi? Ya ga hoton tayarsa ya fito, shi ke nan. In na faɗi farashinki, allon nan na ƙofa sai na sauke shi kafin ƙarshen wata."

"To ka biya ni gyaran."

"Daga ina? Abin da ke ragewa shi ne wutar gidan nan, shi ne maganin Mama, shi ne shinkafar da kika ci jiya. An biya ki, ba ki dai gani a hannu ba ne."

Maganar matsin gaskiya ce, ta sani, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Kasuwa ta danne Yaya, shi kuma da ya waiwaya bai ga wanda zai danne ba sai ita. Ta juya za ta fita. A bakin ƙofa ya kira ta ya ce, tun da ta zo, ta ɗan duba masa na makarantar, wai har yanzu yana gardama.

Mutum ɗaya ce ta rage wa Auta wadda ba ta hannun Yaya ta zo ba. Wata dattijuwa ce mai shagon labule a bakin kasuwa, da keken ɗinki biyar da mata huɗu da ke mata aiki. Shekara uku da suka wuce Auta ta gina mata shafi wanda mai saye zai rubuta faɗin tagarsa da tsawonta, shafin ya lissafa yadin da za a ci, ya faɗi kuɗi, a biya. Sai da Auta ta yi kwana uku a shagon tana kallon yadda ake yanka kafin ta gane sirrin abin. Labule ba a yanka shi daidai faɗin taga, sai an ninka faɗin sau biyu da rabi saboda tattara, an ƙara na kalmasa sama da ƙasa. Kowane ƙarshen wata mai labulen na turo mata ɗan abin kula da shafi, kuma wannan ne kaɗai kuɗin da ke shiga hannun Auta ba tare da ya bi ta ofis ba.

A farkon sati na uku mai labule ta kira ta a waya, murya cike da fara'a.

"'Yata, ya hannu? Yayanki ya ce an hana ki aiki. Ya kyauta da ya zo da kansa. Ya ce tsohon shafin ya tsufa, za a yi mini sabo mai hotuna masu tafiya da kansu, kuma ba sai na riƙa biyan na wata-wata ba. Na ce to ke fa? Ya ce ai duk ɗaya ne, gida ɗaya kuke."

Auta ta riƙe wayar da hagu. Ta so ta ce ba ɗaya ba ne. Amma faɗin haka tona asirin gida ne a gaban bare, kuma an rene ta a kan cewa wannan ya fi kowane laifi girma. Ta ce Allah ya sa alheri, suka yi sallama.

Da ta tare shi da maganar a gaban Mama, ko gezau bai yi ba.

"Taimakonki na yi. Likita ya ce ki huta, na ɗauke miki nauyi, kuma ya zama laifi?"

"Na makarantar da na mai abinci ba nauyi ba ne?"

"Waɗannan ai gyara ne."

Mama ta ce su bar maganar haka, kada maƙwabta su ji.

Sabon shafin labulen ya fito ranar Juma'a, hotuna na wucewa da kansu kamar yadda aka yi alkawari. Ranar Litinin da hantsi sai ga mai labule a ƙofar gida, ba fara'a, ba gaisuwa. Shafin ya daina ninka faɗin taga. Yana sayar da labule a kan kuɗin ƙyalle miƙaƙƙe, abin da bai kai rabin farashi ba. Labari ya bazu cewa ana araha, mutum talatin da wani abu sun saya sun biya cikin kwana biyu, kuma har lokacin da take tsaye a wurin wayarta ba ta daina ƙara ba. In ta ɗinka ta karye, in ta mayar da kuɗi sunan da ta yi shekara ashirin tana ginawa ya zube.

"Ni ban san wasu mutanen ƙetare ba," in ji ta. "Gidan nan na sani. A gyara mini, ko kuwa duk kasuwa ta ji."

Yaya ya kira kamfanin sau shida. Aka ce ya rubuta ƙorafi, za a duba cikin kwana biyar na aiki. Ya shigo ɗakin Auta, wannan karon ba barkwanci, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Mama na biye da shi.

"Mutuncin gidan nan ne a hannunki," in ji Mama. "Wannan ɗaya kawai. Daga shi ni da kaina zan hana."

Ba don mutuncin gida Auta ta zauna ba. Ta tuna matan nan huɗu masu taka keke, da kwana ukun da suka yi suna koya mata tattara suna mata dariya. Ta fara rufe wurin saye don a daina asara, sannan ta buɗe cikin shafin, wato dogon rubutun da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi.

A cikin irin wannan rubutu akwai inda magini ke barin 'yan bayanai don kansa, waɗanda kwamfuta ba ta karantawa, mai saye kuma ba ya gani. Yawancin masu sana'ar da Turanci suke yi. Auta kuwa tun tana koyo, da Hausa take rubuta nata, kamar mai magana da kanta a ɗaki. Tana gangarawa cikin aikin mutanen ƙetare, idonta ya faɗa kan wani layi, ta tsaya.

"Nan ne ramin nan, bi a hankali."

Ta ƙara gangarawa. "Kamar na mai takalma, amma a juye." Can ƙasa kuma, "Auta, kin gaji, tashi ki sha ruwa."

Da ta kai wurin lissafi sai ta ga bayanin da ta rubuta shekara uku da suka wuce yana nan daram: "Layin ƙasa shi ne tattarar labule. Ko me za a yi kada a taɓa shi." Ƙarƙashinsa babu komai. Wani can da bai iya karanta gargaɗin ba ya ga lissafin da bai gane ba, ya share shi ya wuce.

Ba shafin labule kaɗai ba ne. Wannan shi ne tushen gininta gaba ɗaya, wanda ta yi shekara biyar tana gogewa, wanda a kansa take ɗora kowane sabon aiki. An canza masa launi, an lafta masa tarkace a kai, amma nata ne. Wani tunani ya zo mata. Ta buɗe shafin wani mai sayar da agogo da ya bar su wata huɗu da suka wuce saboda tsada, wanda ba ta hannun Yaya ya je wa kamfanin ba. Ta leƙa abin da ake iya gani na cikinsa. A can ma ana ce wa Auta ta tashi ta sha ruwa.

Ta juya ta dubi wanta.

"Yaushe ka ba su?"

Ya dubi Mama, ya dubi ƙasa, sannan ya ɗaure fuska, domin ya ga ba wurin ɓuya.

"Sun ce in ina da abin da za su ɗora a kai za su rage mini. Na kwafa a filash wata shida da suka wuce, ranar da kika fara zuwa asibiti. Meye a ciki? Naki yana nan, ba a ɗauke ba."

"Suna sayar wa mutanen da muka rasa. Da aikina suke karya mini farashi, Yaya. Wata nawa ina gasa da kaina ban sani ba."

"Wannan ban san da shi ba. Amma tun da kin kawo maganar naki da nawa, wa ya sayi kwamfutar? A gidan wa kika rubuta? Wutar wa kika ƙona? Abin gida ne, na yi amfani da shi don gida."

"Kwamfutar na biya ka tun a shekarar farko."

"Ji mini yarinya. Mama, kina jin ta? Yau ni ake wa gori."

Mama ba ta gane mene ne aka kwafa ba, tun da ga kwamfuta nan a kan tebur ba abin da ya ragu a jikinta. Abin da ta gane shi ne ƙarama na ɗaga wa babba murya, ga baƙuwa a ofis tana jira.

"Ko me ya yi, wanki ne. In akwai magana a yi ta bayan an sallami matar mutane."

Ba a taɓa yin maganar ba. Mayar da layin tattara bai ɗauke ta awa ɗaya ba, amma tarkacen da aka ɗora sun ɓata wasu wurare goma, kuma sai da ta bi cinikin mutum talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta fitar wa mai labule gaskiyar lissafin kowanne don ta san da wa za ta sasanta. Kwana huɗu ta yi a kai. Ɗaurin hannun yana rataye a jikin kujera. A rana ta biyu kiyashin ya daina yawo a yatsunta, har ta ɗan ji daɗi. A rana ta uku ta lura ba ta jin madannan a ƙarƙashin yatsun, sai ta duba allo take sanin ta danna.

Mai labule ta zo da kanta ta yi godiya, ta kawo mata labule ɗaya mai ruwan ganye na tagar ɗakinta. Ta dubi hannun, ta dubi Yaya da ke ta murmushi a gefe, ta ce, "Ashe ba ɗaya ba ne." Yaya ya yi kamar wayarsa ta yi ƙara.

Safiyar da ta biyo baya Auta ta ɗauki kofin shayi, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa. Ba zafi ta ji ba, ba ta ma san ta sake shi ba. Ta gwada ɗaukar cokali, babban yatsan ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa.

Likita ya juya hannun a tafinsa, ya nuna mata inda tudun naman gindin yatsa ya fara lotsawa. Ya tambaye ta ko ta huta. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce shi kam ya yi nasa, yanzu sai tiyata, ranar Alhamis mai zuwa. Zafin zai tafi, in ji shi, amma ƙarfin riƙo ba zai yi mata alkawari ba.

Gidan ya yi sanyi kwana biyu. Mama ta yi kuka, ta ce ita ba ta san abin ya kai haka ba, da an faɗa mata. An faɗa mata, ranar farko, a tsakar gida, amma Auta ba ta da ƙarfin tuna mata.

Ana jibi tiyata Yaya ya shigo da ledar lemo da ayaba, da wasu takardu a hammata. Ya zauna a bakin gado, ya yi mata sannu har sau uku, kuma da gaske yake, idonsa ya yi ja.

"Na yi tunani, Injiniya. Ba na so a sake damun ki. Na ce wa mutanen ƙetaren nan matsalar daga bayananki ne da ba su iya karantawa, suka ce in fassara musu. Na gwada, amma sun dawo da tambaya. Wai wane rami? Wane mai takalma? Ni ma ban sani ba." Ya shimfiɗa takardun a kan cinyarta, shafi goma sha tara, duk maganganunta ne da ya buga. "Ba sai kin taɓa komai ba. Baki kawai. Ki faɗa mini ma'anar kowanne, ni in rubuta. Daga nan sun iya da kansu, ke kuma kin huta har abada."

"Kin ga yana tausayinki," in ji Mama daga bakin ƙofa.

Auta ta ɗauki takardar farko da hagu. Ramin nan kuskure ne da ya taɓa cinye mata sati biyu kafin ta gano shi. Mai takalma wani mutum ne da ya zage ta tas a waya, kuma daga zaginsa ta koyi yadda ake jera kaya masu girma daban-daban. Kowane layi akwai abin da ta biya kafin ta same shi. Abin da ya rage mata ke nan wanda filash bai iya kwafewa ba, shi ne aka zo karɓa da lemo da ayaba.

Ta tattara takardun ta miƙa masa.

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

"Kun ci hannun. Abin da ke kaina ku bar mini."

"Don Allah ji wata magana. Wa ya ci hannunki? Ciwo ai daga Allah ne. Kuma in kin ƙi, wa zai riƙa gyarawa? Ke ce dai za a dawo wa."

"Ba za a dawo mini ba, Yaya. Ka kai wa masu yara ɗari."

Mama ta ce Auta ta ji tsoron Allah, zumunci ya fi takarda. Yaya ya miƙe ya ce bai taɓa ganin taurin kai irin wannan ba, ya kwashi takardunsa ya fita. Lemon dai ya bar mata, ta zauna tana kallonsa don ba ta da hannun ɓarewa.

Ranar Alhamis shi ya kai ta asibiti, domin ana bukatar ɗan'uwa ya tsaya. Suna zaune a gaban tebur nas na cika takarda, shi kuma rabin hankalinsa na kan waya, ana ta turo masa ƙorafin masu shaguna. Nas ta tambayi shekaru, ya faɗa. Ta tambayi unguwa, ya faɗa.

"Sana'a?"

"A gida take zaune," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Nas ta rubuta ba ta aiki. Auta ta ga rubutun a juye daga inda take.

"Ki goge wannan, don Allah. Ina gina shafukan intanet. Shekara biyar."

Nas ta dubi Yaya, ta dubi Auta, ta ja layi a kan abin da ta rubuta ta gyara. Sannan ta juyo da takardar ta miƙa mata biro ta sa hannu. Auta ta karɓa da dama, bisa sabo. Biron ya tsaya tsakanin yatsun na ɗan lokaci, ya kwanta, ya gangara kan tebur. Ta sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Nas ta jawo aljihun tebur ta fito da ɗan kwalin tawada, irin wanda ake ajiye wa waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Auta ta dangwala babban yatsan hagu, ta danna a ƙarƙashin sunan sana'arta.

Irin wannan zalunci ba a kai shi gaban alƙali, domin ba duka, ba zagi, ba wanda aka hana abinci. Kowa a gidan yana son ta, kowa yana da uzurinsa, kuma kowane uzuri akwai ɗan gaskiya a ciki. Farashi ya faɗi a wata ƙasa mai nisa, faɗuwar ta bi waya ta shigo ofis, ta ratsa tsakar gida, ta yi ta neman wanda ba zai iya cewa a'a ba har ta same shi a ɗakin baya. Lokacin da Auta ta iya faɗin kalmar, hannun ya riga ya tafi.

Aka zo da keken marasa lafiya. Likita ya leƙo yana ɗaura ƙyallen fuska, ya ce su kwantar da hankali, aikin ba zai daɗe ba. Yaya ya sa wayar a aljihu, ya bi shi da sauri zuwa bakin ƙofa, ya rage murya don kada ta ji. Ta ji.

"Likita, bayan an gama, kamar sati nawa kafin ta iya taɓa kwamfuta? Ba aiki ba fa. Ɗan gyara."